Bes ta oda ko ta kamfani? Kafaɗata ta gaji, ku ba ni shawara

Ɗan Bes:

Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa. Wata magana ce ta hana ni sukuni kusan wata 3, na ce bari in kawo ta gaban waɗanda suka riga ni jin jiki a wannan harka.

Shekarata 11 ina kaɗa jitar bes. Wadda nake riƙe da ita mai tsirkiya 5 ce, a hannun wani na saye ta tun ina koyo, kuma ba zan yi mata butulci ba, da ita na ci na sha. Amma fa akwai nauyi. Na ɗora ta a sikeli, kilo 4.9. In muka yi wasan awa 3 a tsaye, kafin a kai rabi kafaɗar hagu ta fara zugi, washegari kuwa ko riga zan sa sai na ciji leɓe. Ga kan jitar yana rinjaya ƙasa. Da na sake ta ko na ɗan lokaci sai wuyan ya sulale, shi ya sa hannuna na hagu aiki biyu yake yi, yana danna tsirkiya yana kuma tallabe wuya. Tsirkiyar B ɗinta ma, wato mafi kaurin nan mai sautin ƙasa, sako-sako take, sautin yana fita kamar an toshe masa baki.

Shekara 2 ina tara kuɗi, yanzu sun taru. Hanya biyu ce a gabana. Ko dai in sayi ta kamfanin da kowa ya sani, raina ya fi kwanciya da Jazz Bass mai tsirkiya 5 ta Fender ko StingRay 5 ta Music Man. Ko kuma in ba wani gwani oda ya ƙera mini tawa. Na ga hotunan aikinsa, katakon kaɗai ya isa ya tsayar da mutum. Ya ce wata 8 zai yi, zan ba da rabin kuɗin kafin alƙalami, kuma duk abin da nake so shi zai yi: nauyi, kaurin wuya, irin katako, har sunana a jikin kan. Kuɗin nasa ya ɗara na kamfanin amma ba da nisa ba.

Gaskiya zuciyata tana wajen ta odar. Ina son in riƙe abin da don ni kaɗai aka yi shi. Amma ban taɓa riƙe ko ɗaya daga cikin aikinsa a hannuna ba, kuma in kuɗin nan suka tafi ba ni da wasu. Wanda ya taɓa bin ɗaya daga cikin hanyoyin nan, don Allah ya faɗa mini abin da ya tarar.

Dattijon Tsirkiya Huɗu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta maganarka sau biyu, don kamar ni nake magana shekara 20 da suka wuce. Sau 2 na ba da oda a rayuwata. Ta farko ta ba ni kunya, ta biyu kuwa har yau da ita nake hawa dandamali, don haka bari in ba ka duka biyun.

Lokacin ta farkon, abin da na karanta na rubuta wa maƙerin, ba abin da hannuna ya sani ba. Na ji ana cewa in tsawon tsirkiya daga gada, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jitar, zuwa bakin wuya ya kai inci 35 maimakon 34 da aka saba, B tana ƙara tauri, sai na ce a yi mini 35. Na ga ana yabon wenge da bubinga, itatuwan nan na tsakiyar Afirka da kamfanin bes na Warwick ya yi suna da su, sai na ce a sa. Na ce a yi wuyan ya ratsa har cikin gangar jiki ba na ɗaurin kusa ba. Na ce a sa maɓallan daidaita sauti 7. Mutumin bai yi gardama ba, duk abin da na faɗa ya rubuta. Wata 9 ya ce mini, sai da na yi wata 19 ina jira, ga rabin kuɗina a hannunsa, ba halin in janye.

Ranar da ta iso na buɗe akwatin, wallahi sai da na zauna a ƙasa ina kallonta don kyau. Da na rataya ta kuwa sai jikina ya yi sanyi. Bubinga katako ne mai nauyin gaske, ta fi tsohuwata nauyi. Wannan inci ɗayan da na raina, a firet na farko zuwa na huɗu nake jin sa, wato ƙarafan nan da ke gicciye a kan wuya inda ake danna tsirkiya, ɗan ƙaramin yatsana ba ya kaiwa sai na murɗe wuyan hannu. Maɓallai 7 ɗin, 2 kawai nake taɓawa. Kuma ba ni da bakin ƙorafi, domin mutumin abin da na ce shi ya yi. Bayan shekara 2 na nemi sayar da ita. Wata 7 tana neman mai saye, duk wanda ya zo sai ya ce wa ya ƙera ta, in na faɗi sunan sai ya ce bai san shi ba. Daga ƙarshe ko rabin kuɗina ban mayar ba. Ka lura da wannan sosai, ka ce kana son a sa sunanka a kai. Ranar da buƙata ta taso, wannan sunan shi zai ƙara karya mata daraja.

Ta biyun shekara 8 bayan nan na yi ta. A lokacin na riƙe bes sun fi 30, na aro, na haya, na abokai. Da takarda na je wa maƙerin: faɗin bakin wuya milimita 38 kamar na Jazz Bass, tazarar tsirkiya a gada milimita 19, nauyi kada ya wuce kilo 3.9, fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, guda ɗaya, maɓalli 2, ba batir. Wannan gwanin ya yi mini gardama a abu 2, kuma shi ke da gaskiya a duka. A nan na gane na dace da mutum. Maƙerin da duk abin da ka ce sai ya ce to, ka ji tsoronsa.

Abin da zan tambaye ka shi ne: a cikin abubuwan da za ka rubuta masa, guda nawa ka taɓa riƙewa a hannunka na tsawon awa guda? Nauyi dai ka auna, wannan ka burge ni. Sauran fa? Kaurin wuyan da kake so, ka san shi da lamba? In ba ka sani ba tukuna, cinikin biri a sama za ka yi.

Mai Gyaran Jita:

Baba ya faɗi mai wuyar. Ni ta ɓangaren teburin gyara zan yi magana, don duk bes, ta oda ce ko ta kamfani, wata rana wajen irinmu za ta kwana.

Na farko, malam Ɗan Bes, matsaloli 3 ka lissafa kuma 2 daga ciki ina ganin ba sai an sayi sabuwa ba. Rinjayar kai yawanci daga maƙunsan saita tsirkiya take, waɗannan ƙarafa 5 da ke kan. A ƙarshen dogon wuya suke, saboda haka ɗan nauyinsu yana jan wuyan ƙasa fiye da yadda za ka zata. Akwai marasa nauyi na alminiyam, kamar Ultralite na Hipshot, in aka canza ana jin bambanci nan take. Ka haɗa da maratayi mai faɗin inci 3 ko 4 wanda bayansa ba ya santsi. Ita kuma B, sau da yawa ba laifin jitar ba ne. Yaushe rabonka da canza tsirkiya? Wane kauri ka sa? An taɓa yi mata saiti na gaske, wato a daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuya, a gyara tsayin gada, a duba tsagin da tsirkiyar ke zama, a sauke fikof in ya matso da yawa? Maganaɗisun fikof in ya kusanci B sosai yakan riƙe ta, sautin ya rikice. B ɗin nan kusan sau 31 kacal take kaɗawa a daƙiƙa, tsirkiyar E da ke biye da ita kuma 41, ƙaramin amfilifaya da yawa ba sa iya fitar da ita da kyau, sai a ɗora wa jita laifi. Na sha ganin wanda ya zo zai sayar da bes saboda B, aka yi mata aikin awa 2 ya koma gida da abarsa.

Kilo 4.9 ɗin ne ba ni da maganinsa. Wannan kam sai dai wata.

Na biyu, maganar kayan gyara. Tun 1951 Fender ke yin bes ɗin Precision, Jazz Bass kuma tun 1960, ƙirarsu ta zama ma'auni a duniya. Kamfanoni da dama suna yin fikof da gada da wuya daidai girman nasu. In wuyan ya lalace kusoshi kaɗan za a kwance a ɗaura wani, da ma haka Leo Fender ya tsara abin don sauƙin ƙira da gyara. Amma an taɓa kawo mini wata ta oda, na'urar ƙara sautin da ke cikinta ta mutu, maƙerin da kansa ya haɗa ta ya zuba mata roba ta daskare a kai, shi kuma ya bar sana'ar. Ramin fikof ɗin ma girman da ya yanka babu irinsa a kasuwa. Sai da na sake fafe katakon. Saboda haka in za ka ba da oda, ka ce a yanka ramukan a girman da aka saba, a sa kayan lantarki na kamfanonin da ake samu, irin su Bartolini, EMG, Aguilar ko Nordstrand, kuma ya ba ka zanen yadda ya haɗa wayoyin.

Na uku, katako. Kada kyawun zanen katako ya ɗauke maka hankali, ka tambaye shi shekara nawa wanda zai yi wuyan da shi ya yi a ajiye yana bushewa. Ana son danshin da ya rage a ciki ya sauka zuwa wajen kashi 6 zuwa 8 cikin 100. In bai bushe ba, bayan shekara guda wuya ya fara karkacewa, ko allon ya tsuke bakin ƙarafan firet su fito suna yankar hannu. Manyan kamfanoni suna da ɗakunan busar da katako da injinan yanka masu aiki da kwamfuta, shi ya sa guda 100 za su fito kusan iri ɗaya. Gwani na ƙwarai zai iya fin su, amma hoto ba ya nuna bushewar katako.

In kuma daga wata ƙasa za a aiko maka, ka tambaya game da takardu. A farkon 2017 yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa, mai kula da cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ta sa takunkumi a kan cinikin dangin katakon rozwud da wasu nau'o'in bubinga, har jitoci suka riƙa buƙatar izini kafin su tsallaka iyaka. A ƙarshen 2019 aka cire kayan kiɗan da aka gama ƙerawa daga ciki, amma rozwud na Brazil yana nan a haramce tun 1992. Kada ka bari a sa maka shi ba takarda.

Bahago:

Yayana Dattijo, ina girmama maganarka, amma kada mu tsorata yaron nan har ya ga kamar oda wauta ce. Ni oda ce ta cece ni.

Bahago ne ni, kuma 'yan yatsuna gajeru. Ka shiga kowane shagon kayan kiɗa, bes 40 a bango, ta bahago 1 ko babu, ita ma baƙa, mai tsirkiya 4. Shekara 9 ina kaɗa abin da na samu, ba abin da na zaɓa ba. Mai tsirkiya 5, ta hagu, mai tsawon inci 32, ban samu inda zan saya ba. Da na ba da oda, maƙerin ya sa na ɗora tafin hannuna a takarda na zana, ya fere wuyan ya bar shi da ɗan kauri, ya kira ni na riƙe, ya ƙara ferewa a gabana har sai da na ce ya isa. Na kalli ɓawon katakon yana zuba a ƙasa, ina jin wuyan yana shiga hannuna kaɗan-kaɗan. Babu kamfanin da zai yi maka haka. Ciwon da nake ji a gindin babban yatsa, cikin wata 2 na neme shi na rasa.

Kuma mu tuna, abubuwa da yawa da yau muke gani a shago daga teburin ƙananan maƙera suka fito. Bes mai tsirkiya 6 da ake saitawa daga B zuwa C, makaɗi Anthony Jackson ne ya yi ta nacin nema har Carl Thompson ya ƙera masa a 1975, daga baya ya koma wajen Ken Smith, sannan Fodera. 'Yan kamfanin Alembic tun kafin StingRay ta fito a 1976 suke sa lantarki mai batir a cikin bes. Dingwall na Kanada ya yi suna da firet a karkace don B ta samu inci 37, G kuma ta tsaya a 34. Da kowa ya ce na kamfani ya ishe shi, da ba mu ga waɗannan ba.

Inda na yarda da Yaya shi ne, ni na san ciwona da sunansa kafin in je. Sannan ban ba mutumin ko sisi ba sai da na nemo mutum 3 da suke kaɗa aikinsa, na riƙe guda 2, ɗaya shekararta 6 a hannun mai ita. Wuyanta a miƙe yake sambal. Ɗan Bes, ka ce ba ka taɓa riƙe aikin naka gwanin ba. Ka roƙe shi ya haɗa ka da masu kayansa, musamman tsofaffin. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Anti Mai Sitidiyo:

Ni ba makaɗiya ba ce, ɗaukar sauti nake yi, shekara 14 ke nan, don haka kunne zan ara maka ƙanena.

In makaɗi ya shigo da Precision ko Jazz Bass, kafin ya gama saita tsirkiya na san inda zan ajiye sautin a cikin waƙa. Kunnen duniya ya saba da su. Makaɗin bes James Jamerson da Precision ta 1962 ya yi galibin aikinsa a kamfanin waƙa na Motown, sautin da har yau ake nema. Wasu na oda kuwa in ka ji su su kaɗai sai ka rantse ba a taɓa yin irinsu ba, ƙasa mai zurfi, sama mai sheƙi. Da ganga da fiyano da murya suka shigo sai ka neme su ka rasa, saboda tsakiyar sautin da ke ratsa taro ba ta nan. Ba duka ba, na ɗauki wasu na oda da suka zauna daram. Amma in za ka gwada kowace iri, kada ka gwada ta kai kaɗai a ɗaki. Ka tafi da ita wajen atisaye, ka sa wani ya ɗauka ko da waya ce daga bayan ɗakin, ka saurara washegari.

Akwai kuma hanya ta uku da ba ka ambata ba. Dubi manyan makaɗan bes: Jaco Pastorius Jazz Bass ce ta kamfani a hannunsa, aka cire mata firet. Marcus Miller tasa ta 1977 ce, Roger Sadowsky ya sa mata na'urar ƙara sauti. Wato ka sayi wadda ka riƙe ka yarda da ita, ko da ta hannu ce, ragowar kuɗin ka gyara ta yadda kake so. Ga maganar kafaɗa kuma, ko iri ɗaya ne daga kamfani ɗaya nauyinsu yakan bambanta, don ba itace biyu da suke daidai. Ka tafi da sikelin ka auna wadda za ka ɗauka ɗin, kada ka yarda da abin da aka rubuta a takarda. Ibanez SR ma ka gwada, an san su da rashin nauyi da siririn wuya, sai dai tsirkiyoyin a matse suke, milimita 16.5 a yawancin masu 5, wani yana so wani ba ya so.

Kuma don Allah ka je a duba maka kafaɗar nan. Ciwon da ya kai ga hana ka sa riga ya wuce a bar wa jita kaɗai.

Ɗan Bes:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana 10 ne don in aikata kafin in dawo.

Baba, tambayarka ta tsaya mini a rai. Na ɗauko takardar da na shirya wa maƙerin, abu 12 na rubuta, waɗanda na taɓa riƙewa da gaske 3 ne. Inci 35 ma yana ciki, kuma ni ma ji na yi ana faɗa.

Malam mai gyara, na kai tsohuwata an yi mata saiti an sa sababbin tsirkiyoyi. Ashe fikof ɗin ya kusa taɓa B. Da aka sauke shi na danna ta, sai da na sake dannawa don in tabbatar tawa ce. Na sa maratayi mai faɗi, rinjayar ta ragu sosai ko ban canza maƙunsan ba. Nauyin dai yana nan. Anti, na je an duba kafaɗar, an ba ni motsa jikin da zan riƙa yi, an ce in rage tsayuwa da kaya mai nauyi na ɗan lokaci.

Na aro Jazz Bass mai 5 daga wani aboki na yi atisaye 2 da ita. Kilo 4.4, sautin ya yi mini, amma zuwa ƙarshe kafaɗar ta fara magana. Na riƙe wata SR mai kilo 3.8, kafaɗa ta ji daɗi, hannun dama kuma ya rasa wurin shiga tsakanin tsirkiyoyi. Yanzu dai na san lambobi 2 da nake nema: ƙasa da kilo 4, da tazarar milimita 18 ko 19.

Yaya Bahago, na yi wa maƙerin magana kamar yadda ka ce. Bai yi jinkiri ba, ya haɗa ni da mutum 2, ɗaya tasa ta shekara 5. Ranar Asabar zan je in riƙe ta, da sikelina a jaka. Abin da ya rage mini, Baba: in aikin ya yi mini har na yanke shawarar ba shi, me da me zan sa a rubuce kafin in miƙa kafin alƙalamin?

Dattijon Tsirkiya Huɗu:

Madalla ƙanena, ka yi abin da ni ban yi ba. Ka sa ya rubuta iyakar nauyin da lamba, da abin da zai faru in ta wuce. Ka sa ranar gamawa, da wata ranar ta biyu wadda in aka wuce ta kana da ikon karɓar kuɗinka. Ka nemi ya rage kafin alƙalamin zuwa kashi ɗaya cikin uku, sauran in ka riƙe ta. Ka nemi kwana 7 na gwaji, da alkawarin gyaran wuya in ya motsa a shekarar farko. In zai yiwu ka je ranar da zai fere wuyan kamar yadda Bahago ya yi.

Ranar Asabar kuma, in ka riƙe ta mutumin, kada ka jona ta da amfilifaya tukuna. Ka bi tsirkiyar G firet bayan firet, musamman daga na 5 zuwa na 7, ka ji ko akwai inda sauti ke mutuwa da wuri. Ka shafa yatsa a gefen wuya ka ji ko ƙarfe ya fito. Sannan ka rataya ta, ka sake hannuwanka duka biyu, ka ga inda kan zai tsaya. Ka tambayi mai ita wata nawa aka ce masa, wata nawa kuma ya jira.